Ofishin kayan da suka ɓata a filin jirgin sama: sun iya nema, ba su iya bayani ba

A filin jirgin sama ba ofishi ɗaya ke kula da kayan da suka ɓata ba, kuma ba mai gaya maka. Abin da ka manta cikin jirgi, ko akwatin da bai fito ba, na kamfanin jirgin ne. Wanda ya faɗi a ɗakin jira yana hannun hukumar filin. Agogon da aka bari wajen bincike kuma sau da yawa masu binciken ke riƙe shi. A filin da na sauka kwanan baya ko allo ɗaya ban ga ya bayyana wannan ba. Wani dattijo da ke neman tabarau ya sha layi a gabana, sai da ya kai tebur aka ce ba nan ba ne.

Ni akwatina ne bai fito ba, kuma gaskiya ma'aikaciyar ta san aikinta. Ta karɓi 'yar takardar nan mai lambobi 10 da ake manna wa fasinja a bayan tikiti, ta miƙo min kati mai hotunan akwatuna iri-iri, ta ce in nuna mai kama da nawa. Na nuna baƙi mai taya, ta yi murmushi. "Malam, kowa irinsa gare shi. Me ke ciki wanda wani ba zai samu a nasa ba?" Sai na tuna da littafi mai koren bango da sunana a shafin farko, da hannun akwatin da na ɗaure da jan zare. Su ta shigar a WorldTracer, manhajar kamfanin SITA da ɗaruruwan kamfanonin jirage ke neman kaya da ita, ta ba ni takardar rahoto mai haruffa 5 da lambobi 5. Jan zaren nan aka gane akwatin da shi, domin alamar da aka maƙala masa ta cire a hanya.

Daga nan yabo ya ƙare. Lambar wayar da suka ba ni ta yi ta ringin ba mai ɗauka, shafinsu na intanet kuma yana cewa ana kan nema har ranar da direba ya kawo kayan. Abin da ya fi ci min rai, ba wanda ya ambaci haƙƙina. Yarjejeniyar Montreal ta 1999 ta ɗora wa kamfanin jirgi alhakin asarar da jinkirin kaya ya jawo a tafiyar ƙasa da ƙasa, don haka wanda ya sayi tufafin canji ya ajiye rasit, ya nemi kuɗinsa a rubuce cikin kwana 21 da karɓar kayan. In kuma kwana 21 suka wuce akwati bai zo ba, fasinja na da damar neman diyya kamar ya ɓata. Faɗin wannan ba zai ci minti ɗaya ba.

Duk da haka sun fi jami'ar da nake koyarwa nesa ba kusa ba. Can wani kwali ne ƙarƙashin teburin masu gadi, cike da caja, makullai da katin shaidar ɗalibai, babu rajista, babu ranar da aka tsinta, wanda ya ce nasa ne ya ɗauka. Katin ma da sunan mai shi da sashensa a jiki, amma ba wanda aka ɗora wa aikin kai shi.