POS a Babbar Kasuwa ko shagon ɗinki a unguwa: amsa ga ɗan'uwanmu mai sanye da pampas dare da rana

Wa'alaikumus salam Malam. Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ce. Tsakanin teburin POS ɗin da aka yi maka tayi a Babbar Kasuwa da keken ɗinkin shagon da ke bayan layinku a Ƙofar Marusa, ɗauki keken ɗinki, tunda ka ce hannunka ya san shi tun kafin hatsarin da ya hana ka riƙe fitsari. Napep ɗin da ka ambata daga ƙarshe kuwa, cire shi daga lissafi.

Mai irin larurarka da abu uku yake auna wurin aiki. Taku nawa ne daga mazauninsa zuwa ƙofa mai sakata? Akwai ruwa a bayan ƙofar? Wa zai tsare masa wurin idan ya tashi? Sai an amsa waɗannan ake maganar abin da za a samu.

Ga dalili. Baligi yana fitar da fitsari wajen lita ɗaya da rabi a kwana guda, wani har biyu. Pampas mai kyau yana ɗaukar mutum awa 4 zuwa 6 a lokacin sanyi. Daga Maris zuwa Mayu, sa'ad da zafin Katsina ke haura digiri 40, gumi yana cin rabon fitsari a cikinsa, fata kuma tana saurin dahuwa, don haka ka ƙaddara awa 3 zuwa 4. Wanda ya fita ƙarfe 8 na safe zai koma 6 na yamma, ke nan canji biyu a wurin aiki ba makawa, uku a bazara. Kowane canji yana cin minti 10 zuwa 15 idan za a wanke jiki a bar shi ya bushe. In bayan gida ne ya fito, wannan ba a jiran agogo, nan take ake canzawa.

POS yana da abin yabo guda: kuɗi na shigowa kullum, kuma cikin kwana biyu ka iya. Daga nan yabon ya ƙare. Kana zaune ƙarƙashin lema da kuɗin mutane a aljihun tebur, ba ka isa ka tashi ka bar shi ba. Daidai lokacin da ka ji ya yi nauyi ne netwok zai tsaya, an cire wa wani kuɗi na'ura ba ta ba da rasit ba, ya tsaya a kanka ya ce ba inda za ka. In ka samu ka zille, ban ɗakin kasuwa na biya ne, da layi, ƙasa a jiƙe, ba ƙusar rataye jaka, ba inda za ka jefa wanda ka cire, sai ka ratso rumfuna da baƙar leda a hannu. Abin da ke biyo baya sananne ne. Mutum ya fara jinkirta canji zuwa la'asar, sannan ya daina shan ruwa don kada ya cika da wuri. Na farko ya kawo saɓar fata a matsematsi da ƙuraje, na biyu ya sa fitsari ya yi kauri, ya yi zarni mai ƙarfi, ya buɗe ƙofar ciwon mafitsara da tsakuwar ƙoda. Wato warin da ake gudu, ƙin shan ruwan ne ke ƙara shi. POS ɗin da zai yi maka shi ne wanda aka kafa a ƙofar gidanku, da ƙane a gefe da zai karɓi na'ura in ka shiga ciki. Wannan wani zance ne daban.

Yanzu dubi shagon tela na unguwa da hantsi. Keke uku ko huɗu, rediyo na magana, ƙyallaye a ƙasa, kowa ya sunkuyar da kai kan allurarsa. Tela ya tashi ya yi awo, ya koma teburin yanka, ya dawo keke, ya miƙe ya ɗauko dutsen guga. Tashi da zama shi ne aikin, don haka ba wanda ke ɗaga kai in ka miƙe ka zagaya. Rigar da ka bari rabi a ƙarƙashin allura tana nan tana jiranka, ba ta gardama, ba ta guduwa da kuɗin kowa. In gida taku ɗari ne daga shagon, ka ma huta da ɗaukar jaka: ka shiga bayinku, da butarku, da sabulunku, ka dawo kafin shayin abokin zamanka ya huce. Kuma aikin na ƙirgen kaya ne, abin da ka ɗinka shi za a biya ka, ranar da jiki ya ƙi sai ka rage, ba mai rubuta maka takardar tuhuma.

Akwai wata riba da tela kaɗai ke da ita: shi zai ɗinka wa kansa wando. Ka yi mai zariya, ka ƙara wa hantsa zurfi kamar inci biyu, ka sake cinya, rigar ta sauko ƙasan gwiwa. Da wannan yanka ko mai ƙwaƙƙwafi ba zai gane komai ba. Ka fi yawaita yadi mai duhu, ruwan ƙasa ko shuɗi mai turuwa, saboda farar shadda ba ta rufa asiri in an samu ɗigo. Shadda mai sitati dai tana da nata amfanin, don ƙararta tana danne ƙarar ledar pampas in kana tafiya.

Ɗinkin ma yana da nasa cizon, kada a ce ba a faɗa ba. Keke mai feda yana sa cinya ta yi ta goga da bakin robar pampas wuni guda, nan ne ja da raɗaɗi ke farawa. In da hali a ɗaura wa keken mota, ko ka nemi zama kan na lantarki. Benci na katako tsirara ma bai dace ba, ka sa matashin soso mai kauri, ka lulluɓe shi da leda sannan ka ɗinka masa riga mai cirewa. Idan hatsarin ya taɓa laka har jin jikinka ya ragu a mazaunai, wannan ya zama wajibi: ka ɗaga jiki ko ka karkata duk bayan minti 15 zuwa 30, kullum da dare ka duba da madubi. Jan tabon da ka danna da yatsa bai yi fari ba, farkon gyambon zama ne, a kai shi asibiti kafin ya buɗe. Sai kwanakin gab da Sallah, da teloli ke kwana kan keke da shayi da goro. Dukansu biyu suna ɗauke da sinadarin da ke tsokanar mafitsara, haka kofi da lemon kwalba baƙi. Ka karɓi kayan da za ka iya gamawa da rana, sauran ka bar wa masu kwana.

Kafin ka fara, ka samu maigidan shagon shi kaɗai. Ba sai ka zayyana masa komai ba. "Maigida, ina da larurar mafitsara tun bayan hatsarin nan, nakan zagaya duk bayan awa uku" ta wadatar. In bayin shagon za ka yi amfani da shi, kashe ɗan kuɗi ka sa sakata daga ciki, ka kafa ƙusa biyu a bango, ka ajiye bokiti mai murfi. Kada ka taɓa jefa pampas a masai mai ruwa. Garin da ke cikinsa kumbura yake in ya sha ruwa, ya toshe bututu, ranar da aka kira mai gyara kuwa asiri ya gama tonuwa. A naɗe shi, a manne da tef ɗinsa, a ƙulle a baƙar leda, a kai shara.

Napep: girgiza da ramuka suna matse pampas ɗin da ya jiƙe ya dawo da abin da ya sha, kuma ba ka da bayi sai inda ka roƙa. Acaɓa da tuƙin motar haya sun fi shi muni.

Da a ce takardar aikin ofis ce a hannunka, da ita ce kaɗai za ta yi gogayya da ɗinkin, in dai ofishin yana da bayi mai ruwa, abin da sai ka je ka leƙa da idonka kafin ka yarda. Dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki a ma'aikatun gwamnati. Dokar ƙwadago kuma ta ba ma'aikacin da ta shafa hutun da bai gaza awa ɗaya ba a jimilla in aikinsa ya kai awa 6 a rana. Koyarwa tana yiwuwa tunda akwai tazara tsakanin darasi da darasi, sai dai bayin makarantu da yawa ba abin dogaro ba ne. Gadi na dare da aikin tsayuwa a gidan mai, inda mutum ɗaya ne a bakin aiki, su ma ajinsu ɗaya da POS.

Nau'in pampas ɗin ma yana da alaƙa da wurin aiki. Akwai mai kamar gajeren wando, akwai mai manne a gefe. Mai wando ya fi daɗin yawo, ana yage gefensa a cire, amma sa sabo sai ka tuɓe takalmi da wando gaba ɗaya, abin da ba ka so a jiƙaƙƙen bayi. Mai manne ana canza shi a tsaye: sauke wando zuwa gwiwa, ninka sabon a tsawonsa don 'yan katangun roba na ciki su miƙe, zura shi ta tsakanin ƙafa, jingina da bango don ya riƙe maka bayan, ja gaban sama, ka tabbata gabanka na kallon ƙasa. Manne na ƙasa ka karkata su sama kaɗan, na sama ka karkata su ƙasa. Sannan ka bi bakin cinya da yatsa ka fito da robar da ta lanƙwashe. Yawancin ɗigo daga nan yake, ko daga sayen wanda ya yi yawa. Girma da awon ƙugu ake zaɓensa, kai da ke da tef a wuya ba ka da uzuri: auna ƙugu da mazaunai, ɗauki wanda ya fi, ka gwada da lambobin da ke jikin fakiti. Kuma kada ka haɗa biyu, ledar bayan na ciki ba ta barin ruwa ya wuce zuwa na waje, ta gefe zai ɓulle.

Bayan wanki da ruwa a bar fata ta bushe sarai, a shafa man zinc oxide shafe-shafe. Basilin mai yawa da hoda suna toshe fuskar pampas ya ƙi shan ruwa. A jaka kullum a samu pampas uku, baƙar leda uku, ƙaramin tawul, man, da wando guda na ko-ta-kwana.

Batun salla, a mazhabar Malikiyya fitsarin da ke zuba mafi yawan lokaci ba ya warware alwala, Risala ta ce mustahabbi ne mai shi ya sake alwala ga kowace salla. Dabara ita ce ka ɗaura canjinka da Azahar da La'asar: kowa ya tashi da buta a lokacin, kai ma ka tashi.

Ba ka tambaya ba, amma ka kiyayi masu sayar da na kwance. Za a nuna maka pampas a farar leda ba suna, ba lambar NAFDAC, ba kwanan wata, a ce rarar kamfani ce, rabin kuɗi. Da yawansu waɗanda kamfani ya ƙi ne, ko sun sha rana da danshi a sito. Alamarsu: manne ba ya kamawa, garin ciki ya dunƙule wuri guda in ka ɗaga shi a haske, roba ta saki. Wani kuma zai miƙa maka shimfiɗar gado ya ce duk ɗaya ne, ko ya ɗora maka babba don shi ya rage masa. Lambar yawan ruwan da ake bugawa a fakiti ma ta ɗakin gwaji ce, a jikin mutumin da ke zaune a kai da wuya ya ɗauki rabinta. Sayi fakiti ɗaya ka gwada a gida ranar Juma'a kafin ka sayi katan. In huɗu kake amfani da su a kwana, 120 ke nan a wata, fakiti 12 na masu guda goma, ka ga kuskuren saye ba ƙaramar asara ba ce. Masu lasifika a mota da ke cewa kwalba ɗaya tana tsayar da fitsari cikin kwana uku, ka wuce su, jijiyar da hatsari ya taɓa ba ta jin tsimi.

Ranar da ka koma ganin likita a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Katsina, ka tambayi likitan mafitsara ko robar da ake sa wa namiji kamar kwaroron roba, mai bututu zuwa jakar da ake ɗaurewa a ƙafa, za ta yi maka. Ana sauya ta kullum, jakar kuma a zazzage ta cikin minti ɗaya, a ƙarƙashin wando mai faɗi ba a ganinta. Ba kowa take yi wa ba, musamman wanda mafitsararsa ba ta juyewa duka, shi ya sa sai an duba. In ka ga zazzaɓi, fitsari ya gurɓace ko ya zo da jini, ko ciwon kwiɓi, kada ka jira ranar da aka ba ka.

'Yan'uwa mata da ke karantawa, wadda yoyon fitsarinta ya biyo bayan doguwar naƙuda ne, kafin ta tsara rayuwarta kan pampas ta fara zuwa Babbar Ruga. Cibiyar ƙasa ce ta aikin gyaran yoyon fitsari a nan Katsina, tun shekarun 1980 ake ɗinke mata a can, lokacin da likita ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya fara, kuma kyauta ake yin aikin. Kai kuma Malam, gobe ka je shagon da tef ɗinka, ka leƙa bayin kafin ka zauna kan keke.