Gargaɗi Kan Mai Sayar Da Katin Hoto Na Jabu Da Sunan GTX 1050 Ti

Kuɗin da na yi wata huɗu ina tarawa na tura wa wani mai sayar da kayan kwamfuta a intanet, ya aiko mini da katin hoto, wato na'urar da ke sarrafa hoton da kwamfuta ke nunawa a allo, wanda aka rubuta GTX 1050 Ti mai ƙwaƙwalwar gigabait 4 a jikinsa da kuma kwalinsa. Abin da ya iso hannuna tsohon GTS 450 ne na shekarar 2010 mai gigabait 1 kacal, wanda aka sauya wa BIOS, wato ƙaramar manhajar da ke cikin katin mai faɗa wa kwamfuta ko wane kati ne, domin ya riƙa amsa sunan da ba nasa ba.

Ban saya da ka ba, kuma ina so a fahimci wannan. Kafin in biya sai da na nemi shaida, ya turo mini hoton allo inda Windows ta nuna sunan katin da gigabait 4 ɗinsa. Har yau nakan koma in ƙura wa wannan hoto ido, ban ga abin da zai sa mai hankali ya yi zargi ba, domin Windows tana maimaita abin da BIOS ɗin katin ya faɗa mata ne. Ya rubuto mini cewa, "Yallaɓai, amana ce tsakaninmu." A kan wannan kalma ta amana na tura masa kuɗin wata huɗu.

Aikina haɗa bidiyo ne. Da zarar na loda aiki mai nauyi sai allo ya yi baƙi, manhajar ta rufe kanta, Windows ta sanar da cewa direban allo, wato manhajar da ke haɗa Windows da katin, ya daina amsawa amma ya farfaɗo, wani lokacin kuma shuɗin allo ya bayyana ɗauke da sunan fayil ɗin direban, nvlddmkm.sys. Na san cewa idan katin hoto ya yi daƙiƙa biyu bai amsa ba Windows takan sake tayar da direbansa, saboda haka na ɗora laifin a kan direba kamar yadda duk wanda ya san aikin zai yi. Na goge shi da DDU, manhajar cire direba, na sake saka Windows daga farko, na duba zafin katin, har na canza akwatin wutar kwamfutar. Ko da yake tun kafin wannan, a ranar farko ma, mai sayarwar ya haɗo mini da faifai ya ce kada in yi amfani da kowane direba sai na cikinsa. Da na sauko da sabon direba daga shafin Nvidia, kamfanin da ya ƙirƙiro waɗannan katuna, katin ya ƙi aiki, ya nuna kuskure mai lamba 43. Na gaya masa, ya ce kwamfutata ce ta tsufa, sai in ƙara rubu'in kuɗin ya turo mini direba na musamman. Na ƙara. Kuɗin wata huɗu da rubu'insa a kai, kuma wannan ƙarin ne ya fi ci mini rai.

Manhajar GPU-Z, mai nuna ainihin bayanan katin hoto, ita ce ta tona asiri. Ta rubuta alamar jabu a gaban sunan katin, ta nuna lambar guntun katin GF106 a inda ya kamata a ga GP107, da ƙwayoyin sarrafawa 192 maimakon 768. A nan na gane komai. Manhajata ta gaskata cewa akwai gigabait 4, sai ta riƙa zuba bayanai, da sun haura gigabait 1 su rasa wurin zama, komai ya rushe. Sabon direba kuwa ba zai san katin ba, tunda a 2018 Nvidia ta rufe babin sabbin direbobi ga zuriyar Fermi da GTS 450 ya fito daga cikinta. Ga kuma ramin VGA, inda ake jona wayar allo, a bayansa, alhali GTX 1050 Ti na gaske ba ya fitar da hoto ta wannan tsohuwar hanya. Wannan ramin ba ya cikin hoton katin da ya turo mini, gaban katin kawai ya ɗauka.

Da na tura masa sakamakon, nan take ya toshe ni. Hotunan hirarmu da shaidar biya ta farko da ta biyu da sakamakon GPU-Z duk suna hannuna, zan saka su da zarar na rufe bayanan asusuna.

Ku nemi hoton bayan kati da sakamakon GPU-Z kafin ku biya, kuma kada ku sayi direba a wurin kowa, kyauta ne a shafin kamfanin.