Motar Ofis Ko Bas: Wanne Ya Dace Da Magajin Gari?

Duk lokacin da aka fallasa abin da zirga-zirgar magajin gari ke ci daga kuɗin haraji, sai a yi ta tambayata: a bar masa motar ofis, ko ya shiga bas kamar kowa?

Ta fuskar kuɗi, tazarar ba kaɗan ba ce. Motar ofis ba mai kaɗai take sha ba. Akwai albashin direba, inshora, gyara, ga darajarta da ke zubewa kowace shekara. Bas kuwa tikiti ne kawai.

Wajen sauƙi mota ta yi gaba, musamman ranar da taro uku suka haɗu a unguwanni daban-daban. Tsaro ma haka, domin tsare mutum cikin cunkoso aiki ne ja.

Amma abin da ya fi damuna shi ne amfani mai ɗorewa. Wanda ya tsaya a tasha ruwa na dukansa, bas bai zo ba, shi ya san inda ke yi wa talaka ƙaiƙayi ranar tsara kasafi. Ken Livingstone, magajin Landan daga 2000 zuwa 2008, ya saba shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa. Michael Bloomberg ma, lokacin da yake magajin New York, ya riƙa shiga, sai dai a 2007 an gano motoci ke kai shi tasha, don haka kuɗin bai ragu sosai ba.

Motar ofis ta dace da mai babban birni marar isassun bas, ko wanda ake yi wa barazana. Bas da jirgi sun fi dacewa da wanda gidansa da ofishinsa ke kan layi ɗaya.