Sharhi: Boxer 150 na hannu a kan doguwar hanya daga Zariya

Babur ɗin da ke da daɗi daga Kofar Doka zuwa Samaru ba lallai ya yi daɗi daga Kwangila zuwa Kano ba. A cikin gari ana tsayawa ana tashi, jiki yana hutawa. A babban titi kuwa sai ka yi awa biyu ko uku a zaune wuri guda, injin yana juyi ɗaya, kuma a nan ne duk wani aibi ke fitowa. Cikin baburan na hannu da na hau a hanyar Kaduna, Funtuwa da Jos, wanda nake ba mutum shawarar ya nema shi ne Bajaj Boxer BM150, amma da sharaɗi: kada ya zama wanda ya yi acaɓa.

Dalilin fifita shi a kan Boxer 100 shi ne girman injin. Na 150 yana da cc 145 ko kusa da haka, yana riƙe gudun kilomita 70 zuwa 80 a awa ba tare da ya yi kuka ba. Ƙaramin kuwa da ya wuce 70 sai ya fara kaɗa hannu da ƙafa, ka sauka yatsunka sun yi sanyi kamar ba naka ba. Tankinsa lita 11 ne, kuma in kabureta lafiya take, lita ɗaya tana kai kilomita 40 ko fiye kaɗan, wato za ka je Kano ka dawo Zariya da cikon tanki ɗaya. Sit ɗinsa dogo ne shimfiɗaɗɗe, kana iya matsawa gaba ko baya in gindi ya gaji, ga kariya ta ɗaure kaya. Abin da ya fi komai: ko a Pambeguwa ko Saminaka ya tsaya maka, za ka samu bakaniken da ya san shi, da fulogi da wayar kuloci a shago. Honda CG125 ya fi shi juriya a injin, amma yana da karkarwa a dogon gudu. TVS HLX ma ba laifi. Manyan baburan Baljiyam masu cc 400 zuwa sama sun fi duka daɗin zama, sai dai ranar da wani abu ya lalace a ƙauye, a mota za a ɗauko maka shi.

Yana da nasa aibi. Birkinsa na kwano ne gaba da baya, in ka yi ta matsa shi a gangaren hanyar Jos sai ya yi zafi ya rage kamu. Fitilarsa ba ta kai nesa. Nauyinsa kilo 120 da 'yan kai ne kawai, don haka tirela in ta wuce ka a hanyar Kaduna iskarta za ta ture ka, sai ka riƙe kai da kyau ka ba ta wuri.

Wajen saye, ka je da safe ka ce kada a tayar da shi kafin ka iso. Ka taɓa injin da hannu; in da ɗumi, an riga an ɗumama shi don a ɓoye wahalar tashi. Lafiyayye kik ɗaya ko biyu yake tashi. Ka tsaya a bayan salansa a murɗa totur: hayaƙi mai shuɗi alamar ring da fistan sun ci, yana shan baƙin mai ke nan; baƙin hayaƙi yawanci kabureta ce ko abin tace iska ya toshe, wannan gyara ne mai sauƙi. Ƙarar "car-car" daga saman injin tana nuna cen ɗin tayimin ya saki ko bawul na son saiti. Ka zaro ma'aunin baƙin mai ka murza tsakanin yatsu. In ya yi kauri fiye da kima, akwai masu zuba mai kauri don su kashe ƙarar injin da ya gaji.

Sai abin da ke kawo daɗin zama, wanda masu saye ke tsallakewa suna kallon fenti. Ka ɗora babur a kan jak ɗin tsakiya, a danne baya tayar gaba ta tashi, ka juya kan a hankali hagu da dama. In ya ɗan maƙale a tsakiya, boris ɗin wuya ya mutu, kuma irin wannan babur yana rawa a kan gudu. Ka duba shok na gaba ko mai na tsattsafowa a jikin ƙarfen. Na baya, ka danna da ƙarfi ka saki: ya dawo sau ɗaya ya tsaya, in ya yi ta lilo, ya gama aiki, kuma bayanka ne zai biya a gargadar hanya. Ka kama tayar baya ka girgiza ta gefe da gefe don ka ji ko bushin ya ci. Sannan ka cire sit ka leƙa shasi. Walda a ƙarƙashin sit ko wajen kariya ita ce shaidar ya sha buhunan masara da fasinja uku, ko da dillali ya rantse na wani malami ne da ke zuwa ofis da shi. Mitar kilomita ba abin dogaro ba ce, ana cire wayarta. Robar matakin ƙafa da ta cinye ta fi ta faɗin gaskiya.

Haƙoran sifoket su zama masu faɗin baki, in sun yi tsini sun lanƙwashe a canza su tare da cen gaba ɗaya, don sabon cen a kan tsohon sifoket ba ya daɗewa. Sakin cen ya zama kamar santimita 2 zuwa 3. A gefen taya akwai lamba huɗu ta mako da shekarar da aka yi ta, 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Wadda ta haura shekara biyar a cire ta ko da zanenta na nan, domin kwalta mai zafi a watan Afrilu ba ta ragawa busasshiyar roba.

Takardu kuma, lambar injin da ta shasi su yi daidai da abin da ke rasit, kuma a ga ba a goge su an sake bugawa ba. A rubuta yarjejeniyar ciniki da shaidu, a yi masa lamba, saboda shingayen jami'ai a kan waɗannan hanyoyi suna da yawa, kuma akwai yankunan da aka taƙaita zirga-zirgar babura.

Ka ware kuɗi a gefe ban da na saye: juyen baƙin mai 20W50 kusan lita ɗaya, sabon fulogi, takalmin birki, wanke abin tace iska, da kai sit wurin masu ɗinkin kujeru su sa soso mai tauri, don mai laushi yana lotsewa cikin awa guda ka koma zaune a kan ƙarfe. A lokacin hunturu a riƙa juye mai duk kilomita 1,500 saboda ƙura.