Agola a lokacin kulle: gidan Kouara Kano ko gidan haya a Boukoki?

Malama, kin tambaya ko labarin da kike rubutawa, na matar da ta tare gidan sabon miji da ɗanta ana gab da korona, ya fi dacewa da gidan masu hali ko na talaka.

Lokacin dai ɗaya ne. Ranar 19 ga Maris 2020 aka samu mutum na farko da cutar a Yamai. Aka rufe makarantu da masallatai, aka killace birnin, aka kafa dokar hana fita, da farko daga ƙarfe 7 na dare zuwa 6 na safe. Ga zafin Afrilu, ga azumi ya shigo.

A Kouara Kano, unguwar masu hali a Yamai, ɗakuna sun wadata, don haka faɗan ba a jin ƙararsa. Agola na da ɗakinsa da wayarsa, ba ya kwana da yunwa. Ciwonsa a ƙananan abubuwa yake. Alhaji ya ja tarawihi a falo, ya jawo ɗan cikinsa kusa, shi kuwa yana can ƙarshen sahu. An sallami 'yar aiki don tsoron cuta, to wanke-wanke kan wa zai faɗa? Wannan sai marubuciya mai haƙuri, wadda ta iya rubuta shiru.

Boukoki kuwa, unguwar talakawa a Yamai, ciki da falo ne a gidan haya. Maigida mai tebur ne a kasuwar Katako, abin da ya samo yau shi za a ci yau. A da yaron na da mafaka: makaranta, masallaci, hira a ƙofar gida bayan isha'i. Yanzu magariba na yi kowa na kan tabarma ɗaya, ana ƙirga hannuwan da ke shiga kwano. Nan ne "ai ba ɗana ba ne" ke suɓucewa daga bakin mutumin kirki, uwar kuma tana ji ta bayan labule. Ko wurin kakarsa a Tawa ba damar a kai shi, hanya a rufe. Abin yana sosa mini rai, don na ga uwa tana rage nata tuwon a ɓoye kada a ce ɗanta ya cika ci.

Da ni ce, a Boukoki zan zaunar da labarin, amma in bar ƙofa zuwa Kouara Kano: uwar yaron ita ce 'yar aikin da aka sallama. Ranar da ta dawo gida da ƙullin kayanta, daga nan zan fara babi na ɗaya.