Na fara a layin farko, kafin kwanar farko na koma na bakwai

Wata uku ke nan ina buga wasan nan na manajan tseren motoci a waya, wanda ake biya sau ɗaya a sauke. Da a daren Alhamis ɗin da ta wuce na rubuta sharhin nan, tauraro ɗaya zan ba shi, domin a ranar raina ya ɓaci ƙwarai. Na bari sai da na huce, amma har yanzu abin bai gama fita daga raina ba.

Ga wanda bai taɓa bugawa ba, ba kai ke riƙe da sitiyari ba. Kai ne mai tawaga: direbobi biyu, makanikai, kuɗin kashewa, sai umarni da kake bayarwa daga gefen hanya.

Ranar Alhamis ɗin mun kai awaki kasuwar Maigatari ni da Yayana, ba mu dawo gida ba sai dab da magariba. Na karɓo wayata daga shagon caji a cike, bayan sallar isha'i na zauna a dakalin ƙofar gida, ƙanina na gefena yana leƙe. Tsere biyu suka rage a kakar, kuma maki huɗu kacal ne tsakanin babban direbana da wanda ke kan gaba. Dare uku na yi ina shirya wa wannan tseren. Duk kuɗin da na tara tun farkon kaka na zuba su a birki da fiffiken gaba, na hana kaina ɗaukar sabon injiniya, na zauna ina ta gyara saitin mota a lokacin gwaji har direban ya ce ya gamsu. A gasar neman gurbi kuwa, wadda ke tantance inda kowa zai tsaya a layin tashi, muka yi na ɗaya da na biyar. Tunda na fara wasan ban taɓa shirya tsere haka ba.

Babban direban nawa, wanda ya yi na ɗaya, na sa masa taya mai laushi, wadda ta fi kowace kama kwalta a farkon tashi. Na buɗe masa inji har ƙarshe, na ce ya matsa iya ƙarfinsa. Jajayen fitilu suka kama ɗaya bayan ɗaya, suka mutu gaba ɗaya, kowa ya fizga, shi kuwa nawa ya turje kamar jakin da aka kawo bakin rafi. Ina kallo motoci suna wuce shi hagu da dama. Wanda ya tashi a na huɗu, da taya mai tauri ma, shi ya shiga kwanar farko a gaba. Nawa ya fito daga kwanar a na bakwai.

Abin da ya fi ƙona mini rai, babu maɓallin da zan danna, kuma babu wanda ya gaya mini dalili. A tseren Formula 1 na gaske direba yakan yi mummunan tashi, amma akwai sanadi da ake iya nunawa: ko ya saki kuloci da garaje tayoyin baya suka yi ta juyi a wuri ɗaya, ko tayoyin sun huce yana jiran na baya su jeru, ko gurbinsa ya faɗo a ɓangaren hanya mai ƙura inda motoci ba sa bi balle su bar robar da ke taimaka wa taya kamawa. A wasan nan ko ɗaya ba a nuna maka. Direban da na biya kuɗi mafi tsada, wanda lambobinsa suka fi na kowa a tawagata, ya zubar da gurbi shida cikin 'yan daƙiƙu, allon kuma ya yi shiru. Kuma ba ranar aka fara ba. Na ƙirga, sau biyar na tashi a layin farko a kakar nan, sau ɗaya tak na fita kwanar farko ina gaba.

Har na ɗora yatsa zan rufe wasan, sai ƙanina ya ce, "Yaya, dakata, duba hasashen ruwan can." Na duba. Zagaye 30 ne tseren, hasashen kuma na nuna ruwa zai sauko wajen zagaye na 14.

A nan ne wasan ya sake kama ni, kuma ba zan ɓoye ba, abin da ya biyo baya shi ne mafi daɗin minti goma da na taɓa yi da waya a hannuna. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san binne. Ka zuba iri a busasshiyar ƙasa kafin ruwan farko, idan ruwa ya sauka sosai ka riga kowa da kwanaki, idan kuma yayyafi aka yi ya tsaya, irin ya tsiro ya ƙone, ka yi asarar iri da wahala. Shawarar da ke gabana ke nan. In jira ruwa ya sauka in shiga gareji canjin taya tare da kowa, to a na bakwai zan fito kamar yadda na shiga. In shiga da wuri in sa tayar ruwa a kan busasshiyar kwalta, za ta yi zafi ta fara cinyewa, kuma idan hadarin ya yi jinkiri na gama yawo.

A zagaye na 12 na kira shi. Na sa masa tayar tsaka-tsaki, ta yayyafi, wadda a tseren gaske kamfanin taya na Pirelli ke yi wa koren zane, ba mai shuɗin zane ta ruwa kamar da bakin ƙwarya ba. Ya fito a na goma sha uku. Na ce ya lallaɓa, ya rage inji, ya tattala tayar. Zagaye biyu ina kallon zafin taya na hawa, gabana na faɗuwa, ƙanina ya yi tsit. Sai ɗigon ruwa ya fara bayyana a allo, ma'aunin jiƙewar hanya ya fara tashi, waɗanda ke kan taya marar zane suka fara santsi. Suka ruga gareji gaba ɗaya kamar tumaki sun ga dusa, shi kuwa nawa ya wuce su suna tsaye. Da aka gama shiga da fita, yana na biyu. Ihun da na yi sai da mai shayin tsallaken hanya ya ɗago ya ce, "Lafiya dai, Malam?"

Na tuna tseren Hangari na 2021, wanda na sha kallonsa a YouTube. Can akasin haka ne: hanya ta bushe kafin a sake tashi, kowa ya shige gareji ya canza taya, Lewis Hamilton ya tsaya shi kaɗai a layin tashi, ƙarshe Esteban Ocon ya ci tserensa na farko. Irin wannan lissafin wasan ya iya kwaikwayo, kuma ya iya shi sosai. Idan ka cinye taya, kai ka matsa mata. Idan mai ya ƙare maka a zagayen ƙarshe, kai ka buɗe inji ba lissafi. Ko kuskuren da makanikaina suka yi wa ƙaramin direbana a daren, da suka riƙe shi daƙiƙa tara saboda noti ɗaya na taya ya ƙi ɗauruwa, ban ji haushinsa ba. Ni na zaɓi canjin gaggawa, wasan kuma ya gargaɗe ni cewa akwai kasada. Ai ko makanikan tawagar McLaren da suka canza taya huɗu cikin daƙiƙa 1.80 a Katar a 2023 mutane ne, wata rana hannu kan kuɓuce.

A lokacin har na yanke a raina tauraro biyar zan bayar. Saura zagaye biyar wani ya daki shinge, motar tsaro, wadda ke shiga gaba ta rage wa kowa gudu, ta fito, tazarar da na tara ta narke, motoci suka haɗu a jere. Wannan ma na yarda da shi, haka tsere yake. Amma da motar tsaron ta koma aka saki hanya, sai ga ciwon farko ya dawo. Direbana, da tayarsa ke da sauran rai kuma na buɗe masa komai, ya sake yin barci. Biyu suka wuce shi kafin kwana, ɗaya daga cikinsu abokin hamayyata ne. Na huɗu ya gama. Maki 12 maimakon 18, shi kuma wancan ya ɗauki 18 ɗin da ya kamata su zama nawa, tazarar ta koma goma. Sau biyu a dare ɗaya wasan ya ƙwace mini abin da na samu da lissafi, ta hanyar da ba ni da hannu a ciki.

Ɓarnar da wannan ya yi ta wuce tsere ɗaya. Yanzu na daina damuwa da gasar neman gurbi. Me zai sa in ƙona tayoyi masu laushi in kwana ina saiti, tunda na biyar zai iya shiga kwana a gaba, na ɗaya kuma ya koma na bakwai? Alhali a Monako na gaske, inda hanya ke da ƙunci kamar lungun cikin gari, direbobi kan ɗauki ranar neman gurbi tamkar rabin nasara. Wasan ya kashe wa kansa wani ɓangare mai daɗi.

Abu guda da zan yaba masa, wanda ke da muhimmanci gare mu a nan: yana aiki ba tare da data ba. Garinmu sai ka je wajen firamare kake samun sabis mai ƙarfi. Sai dai yana shan caji, wayar kuma takan yi zafi kafin a gama dogon tsere.

Tauraro uku zan bayar. Idan masu wasan suka ƙara ko da zaɓi ɗaya ne kafin fitilu su mutu, a ce direba ya yi kasada ko ya tsare gurbinsa, sannan su riƙa rubuta dalili idan tashi ya lalace, zan dawo in mayar da shi biyar da hannuna. Tseren ƙarshe na nan ban taɓa shi ba. Na leƙa hasashen, babu alamar ruwa, don haka da taya marar zane mai matsakaicin tauri zan tashi in tsaya sau ɗaya kawai, kuma ƙanina ya ce kada in fara sai ya dawo daga makarantar dare.