Hattara da mai tallar libarbar "yaƙin Kano"

Jama'a, musamman 'yan uwanmu mazauna Ingila masu sha'awar tara kayan tarihi, ku yi hattara. Akwai wani mutum da ke yawo da hotunan tsohuwar libarba ƙirar Webley, irin wadda aka toshe ba ta harbi, yana cewa wai wani hafsan Turawa ne ya rataya ta ranar da aka ci Kano. Ya san abin da 1903 ke nufi a zuciyar Bahaushe, shi ya sa mu yake bi. Ƙanin matata saura ƙiris ya tura masa kafin alƙalami, Allah ya sa ya fara turo mini hotunan.

Da na buɗe hoton sosai, sai ga rubutu a jikin ƙarfen ta hagu: Mark VI, da shekarar 1917. Rundunar Kanar Morland ta shiga Kano ne ranar 3 ga Fabrairu 1903, ita kuwa Mark VI sai a 1915 sojan Birtaniya suka fara amfani da ita. Ta yaya bindigar da aka ƙera shekara 14 bayan yaƙi za ta halarci yaƙin?

Da aka yi masa wannan tambaya sai ya ce kuskuren hoto ne, ya turo wata mai rubutun Mark IV. A nan ne tarkon ya fi haɗari, domin lallai Mark IV ta fito a 1899, kuma duk wanda ya ɗan leƙa intanet zai ce magana ta zauna. To amma Mark IV iri biyu ce. Ta 1899 harsashinta .455 ne, mariƙinta a lanƙwashe kamar kan tsuntsu. Ɗayar ƙarama ce, harsashinta .38, an yi ta barkatai lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wasu ma da rubutun "War Finish" a jikinsu. Ita ya turo.

Sai kuma haruffan WAFF, wato Rundunar Tsaron Iyakar Afirka ta Yamma, da aka buga a bayan mariƙin. Sauran hatiman bindigar duk sun sha hannu, sun dushe, amma waɗannan haruffa huɗu bakinsu da kaifi, cikinsu na ƙyalli. Guduma da 'yan ƙarafan buga haruffa sun isa yin wannan aiki a minti biyar. Abin ya ɓata mini rai ƙwarai, don jinin kakanninmu da ya zuba a Kano da Sakkwato da Burmi ne ake ciniki da shi.

Ku riƙe wannan: alamar kibiya mai faɗi da ake bugawa a jikin bindiga tana nuna bindigar ta gwamnatin Birtaniya ce, shi ke nan. Ba ta faɗin wanda ya riƙe ta ko inda aka kai ta. A wancan zamani hafsoshi da kuɗinsu suke sayen libarba, don haka idan an ambaci sunan hafsa, akwai hanyar bin sawu. Idan daga kantin Army & Navy ta fito, littattafan cinikinsu na bindigogi suna ajiye a Jami'ar Gilasgo, ana duba lamba a ga sunan mai saye. Shi kansa hafsan, a neme shi cikin jerin waɗanda aka ba lambar yabo ta yaƙe-yaƙen Afirka mai rubutun "N. Nigeria 1903", wanda ke ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Kew, Landan. Mutuminmu ya ƙi faɗin sunan hafsan, ya ce iyalan ba sa so, kuma ya rufe lambar bindigar da babban yatsa a kowane hoto. Takardar shaidar toshewa daga gidan gwajin bindiga na Bamingham ko Landan ma, ya ce sai an biya tukuna.

Ya kuma yi wa ƙanin matata alkawarin aika ta gida Najeriya, wai kayan tarihi ne. Dokar Makamai ta Najeriya ta 1959 ta sa libarba cikin haramtattun makamai, kuma tsufa bai fitar da ita daga jerin ba, domin har ƙananan bindigogi masu ƙanƙara dokar ta ambata. Wanda aka kama da kwalin shi zai amsa tambaya.

Makon jiya na sake ganin hotunan nan a wani dandali, lambar waya daban, yanzu an ce a Sakkwato aka yi yaƙi da ita.